Amsa ga mai tambayar inda zai fara karanta George Eliot

Malam, ka ce ka ji ana yabon George Eliot, ka sayi Middlemarch, ka yi shafi hamsin ka ajiye, kana tambaya ko akwai wani littafin da ya fi sauƙin shiga. Akwai. Ka dai fara ne da wanda ya fi kowanne nauyi.

Marubuciyar mace ce, sunanta na gaskiya Mary Ann Evans. An haife ta a 1819 a Warwickshire ta Ingila, ta rasu a 1880.

Ka fara da Silas Marner na 1861. Babi 21 ne da ɗan ƙarashe, a mako biyu za ka gama. Labarin wani masaƙi ne da aka yi wa ƙazafin sata a majami'arsu, ya ƙaura zuwa ƙauyen Raveloe, ya daina hulɗa da kowa, ba shi da abokin hira sai kuɗin zinariyar da yake binnewa a ƙarƙashin daɓen ɗakinsa, yana tonowa kullum dare yana ƙirgawa. Aka sace kuɗin, sannan wata ƙaramar yarinya ta shigo ɗakinsa a daren sabuwar shekara. Iya nan zan tsaya.

Inda mutane ke tuntuɓe babi na 6 ne, hirar mutanen ƙauye a mashayar Rainbow. An rubuta ta da karin harshen ƙauye, ƙamus ba zai cece ka ba. Ka karanta da ƙarfi, ko ka saurari karatun murya na LibriVox, wani shafin intanet na littattafan saurare, kana bin shafin littafin da ido, za ka ji ashe irin hirar dattawa ce a gindin bishiya. Sai lissafin kuɗi: fam ɗaya sule 20, sule ɗaya kwabo 12, daidai yadda iyayenmu suka yi amfani da shi a Najeriya kafin 1973. Abin da aka sace wa Silas fam 272 ne da sule 12 da sisi, tarin shekara 15.

Daga nan sai The Mill on the Floss na 1860, labarin Maggie da yayanta Tom, da yadda shari'a ta cinye dukiyar mahaifinsu. Littafinta Romola kam ka bari tukuna.

Idan ka koma Middlemarch, ka tuna kashi takwas aka fitar da shi tsakanin 1871 da 1872. Ka bi shi haka, kashi ɗaya ka huta. Abin da ke karya gwiwa shi ne ka saba da Dorothea da auren da ta yi da dattijo Casaubon, kwatsam labari ya koma kan likita Lydgate da Rosamond. Ba ɓata hanya marubuciyar ta yi ba, gari guda take sakawa, zaren kuma zai haɗu gaba. Ka ajiye takarda a cikin littafin kana rubuta sunaye gida-gida, wa ya auri wa, wa ke bin wa bashi, domin bashi da gado su ne ke juya rabin labarin.

Ka nemi bugun Penguin Classics ko Oxford World's Classics saboda bayanan da ke ƙarshe, amma kada ka karanta gabatarwa sai ka gama, tana tona ƙarshen labari. Ka guji taƙaitattun bugu na 'yan makaranta, sun yanke sharhin marubuciyar a kan zuciyar mutane, wanda shi ne zumar. Idan kuɗi ne matsala, duka littattafan nata suna nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg.