Muryar da Barista ya turo a guruf kan maganar diyyar yaƙi

Salamu alaikum jama'a, Kawu ina wuni, ya Gombe ya zafi. Na ji tambayarka, wato in yaƙi ya lalata gonaki da ruwan sha da daji kamar yadda ya faru da 'yan uwanmu na Borno da ke zaune nan cikinmu, ko akwai kotun duniya da za ta sa a biya su diyya. Toh akwai kam, amma bari ka ji yadda take.

Inda aka biya da gaske shi ne Kuwaiti. Da sojojin Saddam za su fita a 1991 sun cinna wa rijiyoyin mai sama da 600 wuta, sai Nuwamba aka kashe ta ƙarshe, mai ya kwanta a sahara tafki-tafki, ya malala teku. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙuduri mai lamba 687 ya ce Iraƙi ce za ta ɗauki asarar har da ta muhalli, aka kafa hukumar diyya a Geneva. Kuma ba jira aka yi Iraƙi ta kawo da hannunta ba fa, a'a, daga kuɗin man da take sayarwa ake yanka, da farko kashi 30 cikin ɗari, a haka a haka har 2022 aka gama, dala biliyan 52.4. Amma ɓangaren muhalli ƙasashe sun nemi wajen biliyan 85, abin da aka amince musu biliyan 5 da 'yan kai, sauran aka ce ina hujja.

Kongo ma ta kai Uganda kotun duniya da ke Hague, ta nemi sama da biliyan 11, a 2022 aka yanke mata miliyan 325, miliyan 60 a ciki na zinare da katako da sauran arzikin da aka kwashe, ɓarnar dajin kuwa kotu ta ce ba a kawo shaidar da za a auna ta ba. Labanon kam tun 2006 da Isra'ila ta buga tankunan mai na Jiyeh, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a biya ta, a 2014 aka sa adadin dala miliyan 856.4, ana ta maimaitawa shekara shekara, ba a biya ba, don babu famfon mai da aka riƙe kamar na Iraƙi.

Toh Kawu ka lura duk waɗannan ƙasa ce ke ƙarar ƙasa, manomin Gwoza ba shi da ƙofar shiga wannan kotun, kuma namu rikicin cikin gida ne, wa za ka aika wa sammaci a Sambisa? Ƙofar da ni nake gani ita ce kotun ECOWAS da ke Abuja, mutum na iya kai gwamnatinsa kai tsaye, kuma a 2017 a gabanta gwamnatin tarayya ta yarda da naira biliyan 88 kan nakiyoyin da yaƙin basasa ya bari, 50 na waɗanda abin ya shafa, 38 na kwashe su. Yaƙin da ya ƙare 1970 fa!

Shi ya sa ka faɗa wa maƙwabtan naka, takardar gona, shaidar mai unguwa, hoton rijiyar da ta lalace da ranar da aka ɗauka, kar su bari ko ɗaya ya ɓata, lauya ba ya shiga kotu da wallahi tallahi. A gaida su Inna, anjima bayan isha zan kira ka.