Jirgin ƙasa ko motar haya a Ingila? Amsa ga mai shirin sayen "lasisin duniya"

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da uwargida za mu tafi Ingila na kwana 6 domin bikin kammala karatun 'yarmu a Manchester. Jirginmu zai tashi daga Abuja ya sauka a Heathrow, kuma muna so mu kwana biyu a Landan wajen ƙanena. Da na lissafa tikitin jirgin ƙasa da naira sai hankalina ya tashi, na ga kamar gara in ɗauki motar haya. Matsalar ita ce lasisina ya ƙare aiki tun bara, amma wani ya ce zai yi mini lasisin duniya mai aiki shekara 10 a kowace ƙasa, ba sai na sabunta na gida ba. In bai yiwu ba, ƙanena ya ce in ɗauki motarsa. Ina tsoron in jefa kaina cikin matsala a ƙasar mutane. Daga mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun yarinya. Shawarata ita ce ku hau jirgin ƙasa, kuma kada ka ba mutumin nan ko sisin kwabo.

Tafiyar taku tsakanin manyan birane biyu ce, kuma a irin wannan hanya mota ba ta da abin da za ta nuna wa jirgi. Daga tashar Euston ta Landan zuwa tashar Piccadilly da ke tsakiyar Manchester, jirgi yakan ɗauki awa 2 da 'yan mintoci, alhali a mota tafiyar ta kai kilomita 320, wato awa 4 ko fiye idan hanya ta yi kyau. Kuɗin da ya razana ka, ina kyautata zaton na tikitin da ake yanka a ranar tafiya ne. Tikitin da aka saya tun da makonni, wanda aka ɗaure shi da wani jirgi a wani lokaci, yakan yi sauƙi ƙwarai, musamman idan an kauce wa cunkoson safe da na yamma. Akwai kuma katin ragi mai suna Two Together, na mutum biyu masu tafiya tare, wanda ke rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti, amma ka lissafa ka ga ko ragin ya haura kuɗin katin. Sharaɗin tikitin mai araha shi ne idan jirgin ya tafi ya bar ku, kuɗin ya tafi, don haka kada ka yanki irinsa don tafiya a ranar da za ku sauka, tun da ba wanda ya san tsawon layin jami'an shige da fice. Ku fara da kwanakin Landan.

Ita kuwa mota, farashin da kake gani a intanet somin taɓi ne. Kamfanoni galibi suna neman katin bashi mai ɗauke da sunan direba, su riƙe kuɗin jingina a kai, sannan inshorar da ke cikin farashin takan bar maka wani kaso na ɓarna da za ka biya daga aljihunka, wanda kan kai fam 1,000 ko fiye. Ga mai, ga kuɗin ajiye mota, ga harajin cunkoso da ake karɓa a tsakiyar Landan tun 2003. Su a hannun hagu suke tuƙi, mu kuwa mun koma dama tun 1972, a motocinsu sitiyari yana dama, giya a hannun hagu, shatale-tale ma ta ɗaya ɓangaren ake kewaya shi, kuma allunan hanya da mil suke ƙirga gudu, ba da kilomita ba. Mutumin da ya sauko daga jirgi a gajiye ba shi ne ya kamata ya fara koyon wannan a bakin Heathrow ba. Da a ce ku biyar ne za ku shiga ƙauyukan tsaunukan Sikotland inda jirgi ba ya kaiwa, da maganar ta sauya.

Yanzu sai batun da ya fi damuna, domin kusan kullum sai wani ya shigo ofishinmu a Abuja ya zaro wannan takarda daga jaka yana alfahari da ita. Babu wani abu wai shi lasisin duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta bayar da lasisin tuƙi, kuma babu wata hukuma a doron ƙasa da ke da ikon ba mutum izinin tuƙi a kowace ƙasa. Abin da yake akwai shi ne takardar izinin tuƙi ta ƙasa da ƙasa, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Janeba ta 1949 da ta Biyana ta 1968, kuma aikinta kawai shi ne ta bayyana abin da ke cikin lasisinka na gida da harsuna daban-daban, domin ɗan sandan da ba ya karanta harshenku ya gane. Ba ta tsayawa da ƙafarta. Dole a nuna ta tare da lasisin asali, kuma ranar da na asali ya mutu ita ma ta bi shi. Ta tsarin 1949 shekara 1 take yi, ta tsarin 1968 ba ta wuce shekara 3. To, daga ina mutuminka ya samo mai shekara 10? Daga na'urar buga kati ta wani shago, da tambarin zinariya da hoton taswirar duniya don ta burge mai saye.

Abin takaicin ma shi ne, ko ta gaskiyar ba ka buƙatarta a wannan tafiya. Dokar Birtaniya ta yarda baƙo ya tuƙa ƙaramar mota da lasisin ƙasarsa har tsawon wata 12, muddin lasisin yana aiki, kuma namu da Turanci aka rubuta shi. Ke nan mai lasisi mai rai an sayar masa da abin da ba ya buƙata, mai mataccen lasisi kuma an sayar masa da abin da ba zai cece shi ba.

Masu wannan sana'a sukan kafa hujja da cewa wane ya je da ita, an ba shi mota, ya dawo lafiya. Yana yiwuwa. Ma'aikacin kanta da layi ya yi masa yawa yana iya kallon kati ya miƙa makulli, amma ba shi ne zai yanke hukunci ranar da aka yi karo ba. Ranar nan kamfanin inshora ne zai zauna ya bi takardu ɗaya bayan ɗaya, kuma da zarar ya ga ba ka da lasisi mai aiki, yana da hujjar zame hannunsa, ya bar ka da gyaran motar haya, ya kuma bi ka bashin abin da aka biya wanda ka buge, kuma duka da fam za ka biya. Tuƙi ba inshora kaɗai tararsa fam 300 ce a mafi sauƙi, 'yan sanda suna da ikon kama motar, idan kuma aka kai kotu tarar ba ta da iyaka. Miƙa wa ɗan sanda takardar bogi laifi ne na daban. Kuma a can ba a sasantawa a bakin titi, wanda ya sa hannu a aljihu ya ƙara wa kansa tuhuma. Sannan fom ɗin neman bizar Birtaniya yana tambaya ƙarara ko an taɓa hukunta ka kan laifin tuƙi. Idan ka amsa da gaskiya, ga tabo a takardunka, idan ka ɓoye aka gano, ana iya hana ka shiga ƙasar har shekara 10.

Motar ƙaninka ma tana cikin wannan tarkon. A gida mun saba da miƙa makulli ga duk ɗan'uwan da ya iya tuƙi, amma a can inshora tana bin sunan direban da aka rubuta ne, kuma mai motar da ya bari wanda ba shi da inshora ya tuƙa ta shi ma ya yi laifi. Ba na jin kana so ka bar wa ƙaninka wannan tsarabar.

Na san sabunta lasisi a nan gida yana cin rai, ka biya, a ɗauki hoto, a ba ka na wucin gadi, ka yi ta sintiri kana jiran na dindindin, kuma wannan jan ƙafar ce ke tura mutanen kirki hannun 'yan damfara. Duk da haka ka je ofishin lasisi da kanka a Jos ka sabunta, ko don tuƙin da kake yi kullum tsakanin Bukuru da Terminus. Kada dai ka dogara da na wucin gadi wajen hayar mota a waje, domin kamfani yana iya ƙin karɓarsa. Game da tafiyar, ka tambayi 'yarku ranar bikin da sa'arsa, ka yanki tikitin Manchester na kwana ɗaya kafin nan, kuma idan ya faɗo ranar Lahadi ka duba jadawali da kyau, saboda a ƙarshen mako suka fi yin gyaran layin dogo.