Fatawa: Kuɗin kashewar miji da mata a wata, da hukuncin rarar cefane

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni malamar firamare ce, albashina naira 85,000. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, yana ɗaukar 180,000, yaranmu uku. Hayar gida 360,000 ce a shekara, kuɗin makarantar yara 80,000 kowane zango, duka shi ke biya. Duk wata yakan ba ni 90,000 na cefane. Da yake ina awo a kasuwa ranar da take ci, ina kuma busar da tumatir da tattasai lokacin araha, nakan rage kamar 8,000 in zuba adashe da su. Wata 14 ke nan. Sau biyu ya taɓa tambayata ko akwai saura, na ce sun ƙare. Yanzu ya gane, ransa ya ɓaci. Ya ce daga yau a haɗa albashina da nasa, kowa ya ɗauki 15,000 na kashewa, sauran na gida. Ya kuma ce 20,000 da nake tura wa mahaifiyata, wadda ba ta da mai kula da ita tun rasuwar babanmu, sai da izininsa, don mace ba ta da ikon kyautar da ta wuce sulusin dukiyarta, wato kashi ɗaya cikin uku. Malam, nawa shari'a ta yanke wa kowannenmu na kashewa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya daidaita tsakaninku, 'yar'uwa.

Shari'a ba ta yanke adadi ba. Ci da sha da sutura da muhalli suna wuyan miji ko da matar ta fi shi samu, wannan babu saɓani. Abin da ya ƙara mata bayan ya cika waɗannan, don ta kashe yadda ta ga dama, kyautatawa ce da ake so, ba a tilasta shi a kai.

Amma zan fara da jimlar da kika wuce ta da sauri a cikin wasiƙarki, domin ita ce ta juya hukuncin: ya tambaye ki sau biyu, kika ce sun ƙare. Kuɗin da miji ya miƙa wa matarsa iri biyu ne. Akwai wanda ya mallaka mata, ya ce "ga naki", ko ya ce "abin da ya rage ki riƙe". Wannan nata ne, ta yi adashe ko ta sayi akuya, ba ruwan kowa. Akwai kuma wanda ya ba ta a matsayin wakiliya, ta ciyar da shi da ita da yara. Wannan amana ce, rararsa ta mai kuɗin ce har sai ya bar mata. Idan ba a furta komai ba, al'ada ake dubawa, kuma a gidajenmu yawancin maza ba sa bin kadin canjin ɗari biyu ko ɗari biyar. Da a nan kika tsaya, da na ce babu komai. To amma mutumin da ya buɗe baki ya tambayi saura bai bar miki ita ba, kuma ke ma kin san haka, shi ya sa kika ɓoye. Don haka 112,000 ɗin da suka taru a wata 14 nasa ne, kuma akwai ƙarya sau biyu da ke buƙatar istigfari. Hadisin Hindu matar Abu Sufyan da mata ke yawan kafa hujja da shi bai shafe ki ba, don ita mijinta ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, ke kuwa an ba ki har ya yi rara.

Ban ce ke ɓarauniya ce ba, kada kuma maigida ya kira ki da haka. Ƙwazonki ne ya samar da rarar. Matar da ta tsaya a rana tana awo, ta shanya tumatir a tabarma tana korar kaji, ta cancanci a ce mata "riƙe, Allah ya yi albarka". Ki faɗa masa adadin dalla-dalla, da ranar da za ki kwashi adashen, ki nemi ya yafe ko ya karɓa.

Kafin ku rufe wannan lissafi akwai abin da za a cire. Mutane da yawa suna zuba abubuwan da suke wajibi a cikin "kuɗin kashewa", sai mace ta ɗauka alfarma aka yi mata. Shehu Halilu a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun mazhabar Imamu Malik, da ya zo lissafa abin da ake yanke wa mata, ya ambaci ruwa da mai da itace da gishiri da nama lokaci zuwa lokaci da ladan ungozoma, har da adon da barinsa ke cutar da ita, irin kwalli da man shafawa da lalle. A yau sabulun wanka da na wanki da audugar mata suna cikin wannan sahu. Idan shekara da shekaru daga albashinki kike sayen waɗannan alhali yana da hali, kuma ba da niyyar kyauta kika yi ba, kina da damar ki sa su a ma'auni. Shawarata dai ku yi rangwame, kowa ya yafe, a buɗe sabon shafi.

Sai maganar sulusi, wadda zan ɗan tsaya a kanta, don ana cutar da mata da yawa da ita. Maigidanki bai ƙirƙiro ta ba. Fitaccen ra'ayi ne a mazhabar Imamu Malik cewa miji yana da ikon hana matarsa kyautar da ta haura sulusin dukiyarta, kuma sun dogara da hadisin Amru ɗan Shu'aibu cewa kyautar mace ba ta halatta sai da izinin mijinta. Sai dai Abu Hanifa da Shafi'i da mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa mace baliga mai hankali da wayo tana da cikakken iko a kan dukiyarta, kamar namiji, kuma wannan shi na rinjayar. Uwar muminai Maimunatu ta 'yanta baiwarta ba ta nemi izinin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba. Da ta gaya masa bai warware 'yancin ba, bai zarge ta ba, abin da ya ce kawai shi ne da ta ba kawunnanta da ladan ya fi girma. Ranar Idi ya umarci mata da sadaka, suka yi ta jefa zobba da 'yan kunne a rigar Bilal, bai tambayi kowace ko mijinta ya yarda ba, ko abin da ta bayar ya kai sulusi. Hadisin Amru kuwa, ko a wurin waɗanda suka karɓe shi, an fassara shi da ladabin zama da neman shawara. Kuma babu ambaton sulusi a cikinsa. An samo sulusin ne ta hanyar kwatanta mace da mai ciwon ajali, alhali shi an taƙaita masa ne don dukiyar tana gab da komawa hannun magada. Idan kuma aka ce don miji yana amfana da dukiyarta kuma yana gadonta ne, to ita ma matar tana amfana da dukiyar mijinta kuma tana gadonsa, amma babu wanda ya ce ta hana shi kyauta.

To mu ɗauka ma mun bi ra'ayin da ya kafa hujja da shi, har yanzu bai kai inda yake so ya kai ba. Malikawa kyauta kaɗai suka taƙaita. Saye da sayarwa da kashe wa kai ba su shiga ciki ba, kuma babu ɗayansu da ya ce dukiyar ta zama ta miji ko ya riƙe ta a hannunsa. Sulusin kuma na dukkan abin da kika mallaka ne, har da gwal da kayan ɗaki da dabbobi. Ko a albashin kaɗai aka tsaya, sulusin 85,000 ya haura 28,000, ke kuwa 20,000 kike turawa. Abin da ya fi duka ƙarfi shi ne, a mazhabar nan dai, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa mai hali, namiji ne ko mace, ko da mijin 'yar bai so ba. Idan mahaifiyarki tana cikin halin da kika faɗa, abin da kike tura mata haƙƙi ne kike saukewa, ba a neman izini a kansa. Ki sanar da shi dai, don ɓoye-ɓoye shi ya kawo ku nan.

Haɗa albashi asusu ɗaya halal ne idan kin yarda da daɗin rai, haram ne idan da tilas ko barazanar saki ko hana aiki aka karɓa. Abin da aka karɓa don kunya ma bai yi tsarki ba. Banda idan tun farko da sharaɗin wani kaso ya bar ki kika fita aiki kuma kika amince, to wannan sai a cika. Tsarin "kowa 15,000" a ido kamar adalci ne, amma ki duba cikinsa: za ki zuba 70,000 a kan nauyin da Allah bai ɗora miki ba, kuma mahaifiyarki ba ta da gurbi a ciki.

Duk da haka, ki dubi mijinki da idon rahama, don lissafin da kika kawo ya nuna a matse yake. Cire cefane 90,000 daga 180,000. Haya idan aka raba ta wata 12 ta kama 30,000, makaranta zango uku 240,000 ne, wato 20,000 a wata. Saura 40,000, kuma ba a taɓa wuta da ruwa da gas da kuɗin motar zuwa aiki da magani da ɗinkin sallah ba. Mutumin da ke wannan hali, ya zo ya ji ana ajiye 8,000 a bayansa, dole ransa ya sosu. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud da ta yi tambaya a kan ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, lada biyu aka yi mata bushara da shi, na zumunci da na sadaka.

Ga yadda nake ganin za ku yi, kuma shawara ce, ba hukunci ba. Kowa ya riƙe asusunsa da katinsa da lambar sirrinsa. Ke ki ɗauki abu guda mai suna, misali wuta da gas, kusan 15,000, ki faɗa da bakinki cewa gudummawa ce don Allah. Abu mai suna ya fi "zan riƙa taimakawa", domin wannan ba shi da iyaka, yau gishiri gobe kuɗin haya. Sai 20,000 na Mama, 15,000 na motar zuwa makaranta tunda aikin naki ne, 20,000 ajiya, 15,000 na kashewarki. Shi kuma daga 40,000 ɗinsa, idan mota ta ci 15,000, ya ware 10,000 na sutura da buƙatunki na wajibi, 5,000 na rashin lafiya, ya rage masa 10,000. A wannan samu, na kashewarsa ke nan. Kada ya ji an rage masa daraja don nasa bai kai naki ba, shi kuɗin aljihunsa daga abin da ya saura bayan wajibai yake fitowa, shi ne kuma ma'anar shugabancin gida. Rarar cefane ku yanke mata hukunci tun yanzu da lafazi bayyananne, ko taki ce, ko ta shiga ajiyar haya. Ku sake zama duk wata shida, domin malamai sun ɗaure ciyarwa da halin miji da halin mata da gari da farashi, kuma tun cire tallafin mai a 2023 kowa ya ga yadda kuɗin kwano ɗaya ke sauyawa cikin 'yan watanni.

Idan wata rana ya nemi ki cika masa kuɗin haya, ku bambance a take: kyauta ce ko rance? In rance ne a rubuta, ko da saƙon waya ne mai adadi da ranar biya. Sau da yawa rigimar da ke kaiwa gaban alƙali bayan rabuwa daga nan take tasowa, ita tana cewa bashi, shi yana cewa taimako, babu shaida.

Kuɗin kashewa kuma, kasancewar ba mai tambayarki a kansu a gida bai ɗauke tambayar Lahira ba. Anko uku a wata ɗaya da gudummawar biki don kada a raina ki suna cinye ajiyar shekara, kuma daga nan ne hannu ke fara zarcewa cikin kuɗin cefane. Adashe halal ne, amma kada ki shiga zubin da ya fi ƙarfin ajiyarki, kuma ki san uwar adashen da sauran masu zubi. Ki nisanci bashin manhajojin waya, kuɗin ruwa ne tsagwaronsa, ga tozarci idan aka makara. Maigida ma, tunda na san za ki nuna masa wannan amsa: 10,000 ɗin nan ba ta halatta a cacar ƙwallo ba ko da naira ɗari ce, kuma ba ya kyautuwa a ci tsire da shayi mai kauri a majalisa kullum alhali yara sun yi sati ba su ga nama ba. Kada kuma wannan kuskure nata ya sa ka koma auna mata shinkafa da gwangwani ko bin ta da lissafin kowace albasa. Macen da ta iya fitar da 8,000 daga cefanen gida mai mutum biyar ba tare da kwanon kowa ya ragu ba, ita ya kamata a bar wa cefanen.

Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, yara sun kwanta, ki fara da naki laifin kafin ki kawo maganar albashi. Idan zaman ya gagara ku biyu, a kira mutum ɗaya mai hankali daga danginsa, ɗaya daga naki, kada a kai maganar zauren ƙawaye.

Allah ne mafi sani.