Hukuncin Ɗaura Laktaye ga Namiji Musulmi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na samu aiki a wani banki a Kano, kuma dokarsu ce sai an sa kwat da laktaye. Kawuna ya ce laktaye gicciye ne da aka ɓad da masa kama, wai duk wanda ya ɗaura ya yi koyi da Nasara. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya sanya albarka a aikin, ɗana.

Asali a sha'anin tufafi halal ne har sai dalili ya hana. Da laktaye gicciye ne, da magana ta ƙare, domin Nana A'isha ta ruwaito, a Bukhari, cewa Annabi (SAW) ba ya barin abu mai siffar gicciye a gidansa sai ya warware shi. To amma mai da'awa shi ke kawo hujja, kuma tarihin abin bai goyi bayan Kawu ba.

Tushensa sojojin haya ne daga Kuroshiya da suka yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Shekara Talatin, 1618 zuwa 1648. Suna ɗaure wani ƙyalle a wuya, mutanen Paris suka gani ya burge su, har suka laƙaba masa suna daga sunan mutanen Kuroshiya ɗin. Sarki Louis na 14 ya rungume shi, fadawa suka bi. Daga nan ya rarrabu: mai faɗi da ake cusawa cikin wuyan riga, da ɗan guntu mai kama da malam-buɗe-littafi, da dogon da ka sani, wanda wani tela a New York, Jesse Langsdorf, ya daidaita yankansa a shekarun 1920. Kwalliyar soja ce ta koma ta fada, babu coci a cikin labarin.

Saura hadisin Abu Dawud: "Wanda ya yi kama da wasu mutane, yana cikinsu." Malamai sun ɗora shi a kan abin da ya zama alamar addinin wasu ko ya keɓanta da su. Annabi (SAW) da kansa ya sa jabbar Rumawa mai matsattsun hannuwa, har Mugira ɗan Shu'uba ya ga ya fito da hannuwansa ta ƙasanta don alwala. Ibn Hajar ma ya yi irin wannan bayani a kan ɗailasani, mayafin da ake yafawa a ka da kafaɗu: an ƙi shi lokacin da yake alamar Yahudawa, da hakan ya gushe sai ya koma halal. Yau Musulmin Turkiyya da Malesiya na ɗaura laktaye, ba wanda ke ganinsu ya ce ga Kirista.

Abin da na fi jiye maka shi ne siliki, wanda mutane ba sa ma tambaya. Mafi tsadar laktaye na siliki zalla ne, shi kuwa haramun ne ga mazan wannan al'umma, kamar zinare. Rangwamen siliki mai faɗin yatsu biyu zuwa huɗu da ya zo a hadisin Muslim na adon da ke jikin riga ne, ban ga ya shafi ƙyallen da gaba ɗayansa siliki ne ba. Ka juya bayansa, akwai 'yar takarda ɗinke da ke faɗin irin yadin. In foliyesta ne, auduga ko ulu, ɗaura abinka.

Sallarka da shi ta inganta. In za ka yi alwala, ka cusa jelarsa tsakanin maɓallan riga kada ta ja ruwan ƙasa. Shi kuwa Kawu, ka kai masa bayanin cikin ladabi, kishin addini ne ya sa ya yi magana. Wallahu a'alam.