Kun Tambaya, Mun Amsa: Na'ura Mai Hira, Fitilun Sama da Batirin da Ya Kumbura

Daga cikin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata na zaɓi uku, domin kowace ɗaya an maimaita irinta sau da dama daga garuruwa daban-daban. Na taƙaita su, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Zariya, ina da ɗa mai shekara 16 wanda ba ya rabuwa da manhajar ChatGPT a wayarsa. Ita yake tambaya aikin makaranta, wani lokaci ma har hira yake yi da ita kamar mutum. Ni kuwa na taso ina kallon finafinan Turawa da ake nuna mutum-mutumi sun yi wa mutane tawaye sun ƙwace mulki. Shin wannan shi ne mafarin wancan? Kuma in hana yaron ne ko in ƙyale shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya raya mana yaron, ya kuma saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin ka yanke hukunci.

Tsoron da finafinai suka dasa mana ya girmi kwamfuta kanta. Kalmar da Turawa suke kiran mutum-mutumi da ita, wato robot, ta fito ne daga wani wasan kwaikwayo da aka wallafa da harshen Cek a 1920, asalinta kuwa kalma ce da take nufin aikin tilas, kuma a cikin wasan ma'aikatan da aka ƙera sun juya wa masu su baya. Ke nan tun kafin a samu na'urar da za ta iya rubuta jimla guda, marubutan almarar kimiyya sun riga sun tsara labarin tawayenta. A ganina abin da yake damun waɗancan marubuta shi ne halin mutum game da wanda yake yi masa bauta, sai suka sanya damuwar a jikin ƙarfe.

Abin da yake cikin wayar ɗanka wani abu ne daban. Kamfanin OpenAI na Amurka ne ya fito da ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba, 2022. An gina ta ne ta hanyar ɗura mata rubutu mai ɗimbin yawa, har ta ƙware wajen hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan waɗanda suka gabata, sannan mutane suka yi ta gyara mata amsoshi har ta iya magana mai ladabi da tsari. Shi ya sa maganarta take da daɗi, shi ne kuma ya sa take iya faɗin abin da ba haka ba cikin cikakkiyar natsuwa, ba tare da muryarta ta rawa ba. Tana kama da wanda ya karance rumbun littattafai ya iya salon kowane malami, amma bai taɓa taka ƙafarsa a kasuwa ba. Irin firgicin da kake ji an yi shi a 1997, lokacin da kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya na wasan dara na Turawa, Garry Kasparov, alhali kuwa wannan kwamfuta ba ta iya komai ba in ban da wasan.

Ba zan ce maka masana sun kwantar da hankalinsu gaba ɗaya ba. Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin wannan fasaha ta ƙirƙirarriyar basira, ya bar kamfanin Google a 2023 domin ya samu damar yin magana a fili kan haɗarinta, kuma Tarayyar Turai ta kafa mata doka ta musamman wadda ta fara aiki a watan Agustan 2024. Maganar irin waɗannan mutane abar sauraro ce. Sai dai abin da nake so ka sa wa ido, kai da kake da ɗa a gida, ya fi wannan kusa da ƙofarka.

Na farko shi ne ƙarya mai kama da gaskiya. A 2023 wata kotu a birnin Niyok ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar mata da hujjojin shari'o'in da ba a taɓa yin su ba, waɗanda ChatGPT ce ta ƙirƙiro musu, har da sunaye da lambobi. Idan ƙwararrun lauyoyi sun afka wannan rami, yaro ɗan sakandare ya fi su buƙatar a nuna masa bakinsa. Kuma kuskuren manhajar ya fi yawa a kan abubuwan da suka shafe mu, saboda rubutun da aka horar da ita da shi mafi yawansa na Ingilishi ne, na Hausa kaɗan ne ƙwarai. Ni da kaina na taɓa neman ta kawo mini karin magana kan haƙuri, ta kawo na gaskiya guda biyu, ta haɗa da wasu da babu Bahaushen da ya taɓa furta su, duk a jere ɗaya, ba tare da ta bambanta ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne damfara. Yanzu ana iya ɗaukar muryar mutum daga ɗan gajeren saƙon murya a sa na'ura ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25 bayan wani taron bidiyo da ya ga fuskokin shugabanninsa ya ji muryoyinsu, ashe duk na bogi ne. Ka kwatanta wannan da halin da muke ciki, inda saƙon murya na WhatsApp ya zama wasiƙar kowa. Tsohuwa tana zaune a tsakar gida, sai ga muryar ɗanta da yake Legas yana cewa ya shiga matsala, a tura kuɗi yanzu-yanzu ta wannan lambar asusu. Wace uwa ce za ta tsaya bincike? Shawarata ga kowane gida ita ce a yi yarjejeniya tun yau: duk saƙon neman kuɗi na gaggawa, ko da muryar wa ya zo, sai an kira mutumin ta lambarsa da aka sani, an kuma yi masa tambayar da 'yan gida kaɗai suka san amsarta.

Game da yaron, ban ga amfanin hani ba, domin in ka hana shi a gida zai yi a wayar abokinsa, kai kuma ka rasa damar yi masa jagora. Ka zauna da shi wata rana bayan la'asar, ku tambaye ta abin da kai ka sani sarai, kamar ƙofofin birnin Zazzau ko tarihin unguwarku, ya ga da idonsa inda ta dace da inda ta kauce. Ka kafa masa sharaɗin cewa shi zai fara yin aikin makarantarsa da kansa, sannan ya nemi ta duba masa ko ta ƙara masa bayani, domin ƙwaƙwalwar da ba ta wahala ba ta kaifi. Kada ya rubuta mata lambar BVN ko NIN ko sirrin gida. Al'amarin addini kuma ya kai wa malaminsa. Idan ka lura hirar da yake yi da ita ta fara maye gurbin hira da 'yan'uwansa, wannan ba matsalar na'ura ba ce kaɗai, alama ce ta cewa yaron yana neman mai sauraronsa.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Maraɗi. Wata rana jim kaɗan bayan magariba muka ga wasu fitilu a sama a jere kamar carbi, suna tafiya a hankali ba ƙara, har suka ɓace. Yara suka ce jiragen halittun wata duniya ne, wasu dattawa kuma suka tsorata. Mene ne wannan?

Amsa: Malama, yadda kika siffanta abin ya yi daidai da taurarin ɗan'adam na Starlink, mallakar kamfanin SpaceX na Elon Musk, waɗanda aikinsu shi ne kai intanet daga sama zuwa ƙasa. Kamfanin ya harba rukunin farko mai guda 60 a watan Mayun 2019, kuma tun daga lokacin yake ta ƙarawa har sun kai dubbai. Roka ɗaya takan ɗauki gommai daga cikinsu ta sake su wuri guda, saboda haka a kwanakin farko suna tafiya ne a jere, kafin kowanne ya haura zuwa mazauninsa, ɗaruruwan kilomitoci daga doron ƙasa, su warwatsu. Wancan jeren na kwanakin farko shi ne carbin da kuka gani.

Ba su da fitila ko ɗaya. Hasken rana ne yake dukan jikinsu ya dawo mana, shi ya sa ake ganinsu bayan magariba ko gab da asuba, lokacin da duhu ya rufe ƙasa amma rana tana haska abin da yake can sama. Ɓacewar da suka yi kuma shigarsu ce cikin inuwar duniya. Kina iya koya wa ɗalibanki bambancin da kansu: jirgin sama yana da fitilu ja da kore, da wasu masu ƙyaftawa, kuma sau da yawa ana jin ƙararsa, shi kuwa tauraron ɗan'adam haskensa a tsaye yake, tafiyarsa shiru. Tafiyar da kuka ga kamar a hankali take, a gaskiya ta kai kusan kilomita 27,000 a sa'a guda, suna zagaye duniya cikin kimanin sa'a ɗaya da rabi. Nisa ne ya rage mata gudu a ido. Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da wannan intanet ya fara aiki a cikinta, a watan Janairun 2023. Masana taurari kuwa sun daɗe suna kuka da yawansu, domin suna zana layukan haske a kan hotunan da manyan na'urorin hangen nesa suke ɗauka.

Maganar baƙi daga wata duniya kuma, har yau kimiyya ba ta tabbatar da samuwar wata halitta mai rai a wajen duniyarmu ba. Ki ba yaran wannan lissafi su yi tunani a kai: tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana, haskensa yana shafe fiye da shekara 4 kafin ya iso nan, kuma kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977, duk da gudun kilomita 17 da yake yi a kowace daƙiƙa, zai buƙaci fiye da shekara 70,000 kafin ya ci irin wannan nisa. Kada ki kashe musu sha'awar, domin yaron da ya ɗaga kai ya tambayi abin da yake sama shi ne irin ɗalibin da kowane malami yake nema.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Kano. Murfin bayan wayata ya ɗago, mai gyara ya ce batirin ne ya kumbura. Wani abokina ya ce in huda shi da allura iskar ta fita, wani kuma ya ce in sa shi a firji. Wanne zan bi?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka bi ko ɗaya, kuma ina roƙonka ka daina cajin wayar tun daga yau. Batirin wayoyin zamani na sinadarin litiyam ne, a cikinsa akwai falle-falle masu siriri ƙwarai da wani ɗan shamaki ya raba, ga kuma ruwan sinadari mai saurin kama wuta. Idan batirin ya tsufa ko zafi ya dame shi, wannan ruwan yakan lalace ya fitar da iska, ita ce take kumbura shi. Allura za ta haɗa fallayen da aka raba, abin da yakan biyo baya kuwa shi ne hayaƙi mai guba da wuta mai wuyar kashewa. Firji kuma ba ya mayar da sinadarin da ya riga ya lalace, sai dai ya ƙara wa wayar danshi. Irin wannan haɗari ne ya sa kamfanin Samsung ya janye wayarsa samfurin Galaxy Note 7 daga kasuwa baki ɗaya a 2016.

Babban maƙiyin batir a ƙasarmu shi ne zafi. Kamfanin Apple ya ce an tsara wayoyinsa su yi aiki ne tsakanin awo 0 zuwa 35 na ma'aunin zafi, alhali Kano a watan Afrilu takan haura 40. Ka tsaya a rumfar mai cajin waya da rana tsaka ka duba: kwano a sama yana turiri, janareta a gefe yana huci, wayoyi an jibga su a kan katako ɗaya bisa ɗaya, kowace da lambarta a manne, in ka karɓi taka sai ka ji tana ƙona tafin hannu. Wayar da take shan wannan kullum batirinta ba zai yi tsawon rai ba. Haka nan mai cajin waya a ƙarƙashin matashi, da mai barin ta a gaban mota cikin rana, da mai kallon bidiyo tana jone da wuta.

Ka kashe wayar, ka ajiye ta a kan siminti nesa da katifa da labule, sannan ka kai ta wurin mai gyaran da ka amince da shi, ko a Farm Centre ko a titin Beirut, ya canza maka batirin. Ka nemi ya nuna maka sabon kafin ya saka, kada arha ta ja ka, domin batirin jabu zai sake kumbura cikin 'yan watanni. Tsohon kuma kada ka jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta, kada kuma ka bar shi inda yara za su ɗauka, ka bar wa mai gyaran. Idan ka samu sabon, ka yi amfani da caja mai kyau, ka cire wa wayar riga lokacin caji in ana zafi, kuma kada ka riƙa barin cajin yana ƙarewa ƙurmus kafin ka jona.