Amsa: Awa nawa ne daga Yamai zuwa Jidda a jirgi?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce za ka kai Hajiya Umara, wani ya ce maka tafiyar awa 5 ce, wani kuma ya ce ta fi awa 15, ka rasa na kamawa. Dukansu gaskiya suka faɗa maka, hanyar ce ta bambanta.

Tsakanin Yamai da Jidda kusan kilomita 4,000 ne a miƙe, ta saman Cadi da Sudan, a ƙetare Bahar Maliya. Jirgin fasinja na cin kilomita 800 zuwa 900 a awa, shi ya sa jirgin alhazai da ke tashi kai tsaye daga filin Diori Hamani yakan sauka cikin awa 5 da wani abu. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, jirage da yawa kan kauce wa sararin ƙasar, tafiyar ta ɗan ƙara tsawo.

Sai dai a lokacin Umara galibi da jiragen kasuwa ake tafiya, masu yada zango. In Ethiopian ka bi, Addis Ababa ita ma kusan kilomita 4,000 take daga nan, sannan ga awa 2 da rabi zuwa Jidda. In Turkish ne, Istambul ma nisan ke nan, amma daga can sai ka sake kusan awa 4 kana gangarowa kudu. Abin da ke cinye mutum shi ne zaman jira. Na ga tsofaffinmu a filin Bole na Addis Ababa cikin dare, ƙafafu sun kumbura, sun lulluɓe da zane saboda sanyi, maganin hawan jini kuma yana cikin jakar da aka riga aka auna ta shige. Wallahi abin ya taɓa ni.

Don haka kada ka tsaya kan kuɗin tikiti kawai. Ka sa ɗan ajans ya nuna maka awa nawa za ku zauna a zango. Ƙarin 'yan jikkuna a kan tikitin da jiransa gajere ne ya fi wa Hajiya alheri nesa ba kusa ba. Ka nema mata keken guragu tun wurin sayen tikiti, ko da tana iya takawa, don filin Istambul faɗi gare shi.

Agogo ma yana ruɗa mutane: Saudiyya ta riga Nijar da awa 2, kuma lokacin saukar da ke kan tikiti agogon can ne. In Makka za ku fara, ka ɗaura haraminka a zangon ƙarshe, domin a sama ake wuce miƙati.

In daga Tawa za ku taso, ku kwana Yamai tukuna, kada ta sauka daga bas ta hau jirgi a rana ɗaya. Allah ya karɓi ibada, a gaida Hajiya.