Ƴaƴan kwalba: a kwalba ake rainon su?

Tambaya: Likita, shekara shida ke nan da aurena, ban taɓa ko ɓatan wata ba. Uwar mijina ta ce laifina ne. Na ji ana zancen ƴaƴan kwalba, da gaske ne? Daga wata baiwar Allah, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Ƙanwata, wasiƙarki ta sosa mini rai. Ba a kwalba jariri yake girma ba. Ƙwan mace da maniyyin mijinta ake haɗawa a ɗakin gwaji, bayan kwana 3 zuwa 5 a mayar cikin mahaifarta. Jaririya ta farko da aka samu ta wannan hanya, Louise Brown, an haife ta a Ingila a 1978, bayan shekara goma masanin kimiyya Robert Edwards da likitan mata Patrick Steptoe da ma'aikaciyar jinya Jean Purdy suna aiki tare, suna faɗuwa suna tashi.

Amma kada ki fara da nan, akwai tsada. Bincike ya nuna kusan rabin matsalar haihuwa akwai hannun namiji a ciki. Ki lallashi maigida ku je asibiti tare, a fara auna maniyyinsa, ya ƙaurace miki kwana 2 zuwa 7 kafin awon. Sannan a duba naki bututun ƙwai, wato hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa.